Baƙin Fad na Valdemir

Valdemir ya kwance fad ɗinsa, abin nan da ake riƙewa a buga gem, ya lalata shi da gangan, don in riƙa cinye shi a ƙwallo.

Aminina ne. Shi ya riƙe 'yata a coci ranar baftisma. Kowace Lahadi, in an taso daga coci, muna zama a barandata a nan Caruaru, mu jona gem a talabijin, mu buga ƙwallo har matata Zuleide ta sauke wake da nama. Jikokina ne suka bar na'urar lokacin da suka koma São Paulo.

Fad ɗin da ya zo da na'urar ya yi mana ƙanƙanta. Hannun magini irin nawa ba ya zama a kansa. A kasuwar kayan Paraguay muka samo biyu iri ɗaya, ƙirar wani kamfani daban, masu faɗin mariƙi da roba a baya. Majuyin da babban yatsa ke murzawa yana da tauri daidai. Ka taɓa kaɗan, ɗan wasa ya taka kaɗan. Ka tura, ya sheƙa. Nawa ja, nasa baƙi.

Doka ɗaya gare mu. Wanda aka ci yana iya cewa a musanya fad, don kada kowa ya ɗora wa kayan aiki laifi. Valdemir ba ya yafe wannan. Ko ƙwallo ɗaya na zura masa sai ya ce, "Miƙo jan nan, tsohon ɓarawo."

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ni. Na tashi, amma babban yatsana na hagu ya yi nauyi. Da na koma wasa, Valdemir ya yi ta lallasa ni. Ban nemi sassauci ba. Na sayi ƙwallon roba ina matsawa safe da yamma, har cikin coci.

Sai na fara ci. Na ci, na ƙara ci. Na gaya wa likita yatsa ya dawo. Na gaya wa 'yata a waya. Na gaya wa duk wanda ya tsaya a ƙofata.

Lahadin da ta wuce na zura masa uku. Ya yi tsaki, ya kurɓi kofinsa. A nan na tuna, tun da na fara ci bai taɓa neman musanya ba.

Na ce, "Miƙo baƙin."

Ya ce, "Kai, Anacleto, kai ka ci fa. Wanda aka ci ne ke tambaya. Ko ciwon ya haɗa har da ƙwaƙwalwa?"

"Miƙo."

"Wake na hucewa."

Na fizge shi daga cinyarsa. Na ɗora yatsa a majuyi, na ji shi lagwai-lagwai kamar haƙorin da zai fita. Na tura dama, ɗan wasa ya tsaya yana tunani kafin ya motsa. Na saki, ya ci gaba da gangarawa hagu shi kaɗai. Na juya bayan fad ɗin. Kawunan kusoshin duk sun ci sukundireba.

Na ce, "Wa ya buɗe wannan?"

Ya kalli ƙasa. "Sifirin ɗin da ke riƙe majuyin kawai na rage. Ɗan kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Haba, ɗan'uwa. Kana fama, ina kallo. Ka daina dariya. Da na sakar maka wasa da hannuna, da ka gane. Shi ya sa. Amma wallahi da dukan ƙarfina nake bugawa."

Zuleide tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi. Ba ta tambayi abin da ya faru ba.

Na ce, "Ke ma?"

Ta ce, "Ni na riƙe masa fitila. Ka ci abinci, ka yi barci, ka yi ƙiba. Laifi ne?"

Na dubi yatsana. Ban san ko ya warke ba. Abin da na gaya wa likita da 'yata, ban san ko gaskiya ne ba.

Na naɗe wayar jan fad ɗin, na ajiye shi a kan talabijin.

Valdemir ya tashi. "To, ji nan. Ka riƙe baƙin, ni in ɗauki jan. A'a, bari. Gobe in sayo sabo fil a kwali, kai za ka yage ledar da kanka. Mu buga na gaskiya, in yi maka dukan da sai ka kira uwarka. Ka yarda?"

Na ce, "A'a. Ba zan sake bugawa da kai ba."