Alkamar da Ta Ƙi Ruɓewa

A ma'aikatar inganta iri babu mai kiran mai sito da sunansa na gaskiya. Don-me ake ce masa, tun daga maigadi har manaja, saboda mutumin ba ya iya ganin abu ya wuce. Ƙofa ta yi ƙara, sai ya san dalili. Shayinsa ya huce da wuri, sai ya tsaya yana juya kofin kamar zai amsa masa. Shekara ashirin da shida yana riƙe da makullan sito, sanƙo ya cinye kansa tas, gemu ya yi furfura, amma ɗan littafin da yake rubuta tambayoyinsa bai taɓa barin aljihun rigarsa ba.

Ranar da sabon manaja ya ce a kwashe ɗakin baya, Don-me ya fi kowa murna, don tun kafin a ɗauke shi aiki ɗakin yake a rufe. Da aka fasa kwaɗon, wari ya mare su. Rufin ya daɗe yana yoyo, buhunan iri sun ruɓe sun manne da juna, fumfuna ta yi musu baƙi ƙirin. Amma a lungun dama akwai buhu biyar na alkama waɗanda ruwan ya taɓa kamar sauran, kuma ba su ruɓe ba. Ɗaya ya yage a hannun masu ɗauka, ƙwayar ta zube a siminti, ja-ja-ja, tsaf da ita kamar jiya aka sussuka ta.

Don-me ya durƙusa ya ɗebi tafi guda. Don me wannan ta ƙi ruɓewa?

Kada a ɗauka sakarai ne. Ya san iri mai launi an shafa masa magani, kuma ba a cinsa. Sai dai shekarun da ya yi a sito sun koya masa abu biyu da ya yarda da su ɗari bisa ɗari: maganin iri yana mutuwa idan ya tsufa, kuma guba ba ta da haƙuri. Ya ga ɓera ya ci ya mutu kafin ya kai rami. Ga kuma tsarin wurin tun asali, duk abin da ya zube a ƙasan sito na mai sito ne, ya share ya kai wa kajinsa. Saboda haka ya share alkamar ya cika bokiti biyu, sauran buhunan ya jingine su a baranda ya lulluɓe da tamfol.

A gida ya yi abin da ya saba yi wa duk tsabar da yake shakka. Ya wanke ta sau uku har ruwan ya daina ja, ya shanya, sannan ya kama baƙar kazarsa ya sa ta a keji ita kaɗai. Kwana bakwai ba ta ci komai ba sai wannan alkama, shi kuwa yana tsugune gabanta safe da yamma da biro a hannu.

"Kai da kazar nan, ban san wa ke gadin wa ba," in ji matarsa.

"Bincike nake yi, Maman Auta."

"To, Allah ya ba da sa'a. In ta yi magana ka kira ni."

A rana ta bakwai kazar na nan garau, har ƙwai ta yi a kejin. Don-me ya rubuta, "Lafiya lau," ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya fara watsa wa kajinsa tara.

A lokacin 'yar autarsu tana gidan, da cikin wata huɗu, domin mijinta direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. A asibiti an ce ta riƙa cin ƙwai. Wannan magana ta yi wa Don-me daɗi ƙwarai, don jikansa na fari ke nan ta wajen 'yar da ya fi ji da ita. Kullum da safe shi yake shiga akurki da kansa, ya zaɓo ƙwai biyu masu ɗumi, ya miƙa wa matarsa ya ce, "Na Auta ne, kada wani ya taɓa." Sannan ya ɗauki kwanon abincin ranarsa ya hau keke.

Mako shida aka yi a haka. Amma tambayar tana nan tana cizonsa. Da ya ji Dakta, wadda take kula da ɗakin gwaje-gwaje, ta dawo daga kwas, sai ya zuba ɗan abin da bai wanke ba a ambulan, ya yanko bakin buhun inda wani tsohon rubutu ya dusashe, ya nufi ofishinta.

Dakta sa'ar babban ɗansa ce, kuma tana son tambayoyinsa. Ta karɓi ƙyallen buhun da murmushi, ta ɗora gilashin ƙara girma a kai. Murmushin ya tafi.

"Baba, ajiye ambulan ɗin nan a kan tire. Kada ka buɗe. Je ka wanke hannu da sabulu, har gwiwar hannu."

Da ya dawo ya tarar ta sa takunkumi, ta sa wata safar hannu mai sheƙi kamar takardar alawa, ta ɗora wata mai kauri a kai.

"Safa biyu, Dakta? Don me?"

"Don dangin wannan abin akwai mai ratsa siririyar safar roba kamar babu ita. Ɗigo kaɗan ya isa. Ka san zaiba?"

"Ta cikin ma'aunin zafi? Mai gudu kamar ruwan azurfa?"

"Ita. To, masu haɗa magunguna sun ɗaura ta a jikin wani sinadari irin wanda jikin mai rai yake karɓa ba gardama. A da ana shafa wa iri don kada fumfuna ta ci shi, kafin a hana a ko'ina. Amsar tambayarka ke nan. Alkamarka ba ta ruɓe ba saboda ko fumfuna ba ta iya rayuwa a kanta."

Don-me ya zaro littafinsa, idonsa har ƙyalli yake. Sama da shekara ashirin da shida, kuma maganin bai mutu ba?

"Zaiba ba ta mutuwa, Baba. Wuri kawai take sauyawa. Ka ƙona, ta bi hayaƙi ta shiga huhunka. Ka binne, ta bi ruwa ta tarar da rijiya. Shi ya sa buhunan nan za mu rufe su a duro, mu liƙe, mu kira masu kwashe irin wannan shara. Wurin da ta zube kuma ba a share shi da busasshiyar tsintsiya."

Ya ɗan yi tari, don da busasshiyar tsintsiya ya share. "Amma in aka wanke, jan ya fita fa?"

"Jan ai rini ne kawai, gargaɗi ne. Shi yake fita, ita tana nan."

"To ai na gwada," ya ce, yana buɗe shafin da alfahari. "Kwana bakwai na ba kaza, ko atishawa ba ta yi ba."

Dakta ta dube shi ta saman takunkumi. Ta ce wannan gubar ba irin ta ɓera ba ce. Takan shiga jini, ta haura ƙwaƙwalwa, ta zauna shiru makonni, wani lokaci watanni. Sannan mutum ya fara jin leɓensa da yatsunsa suna dindiris, ganinsa ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, tafiyarsa ta karkace. Kaza kuwa tana zubar da nata a cikin ƙwai, dafuwa kuma ba ta cire shi. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne ɗan da ke ciki, domin uwa tana iya zama lafiya lau, shi ya kwashe.

Biron ya tsaya. Tun da yake a duniya, wannan ne karo na farko da ya ji amsa ya so a ce bai tambaya ba. Tsoro ya kama shi.

"Baba, ina kazar take yanzu? Wa yake cin ƙwan?"

A motar Dakta suka tafi, rana tsaka. A tsakar gida Maman Auta tana shanya, Auta tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa tana tsifar kai. Can gefen akurki baƙar kazar tana tafiya a karkace, ta kai baki ga tsaba ta kuskure, ta sake kaiwa ta kuskure. Don-me ya gan ta, ya kau da kai. Ya tsaya gaban 'yarsa ya faɗi abin da ya yi, tiryan-tiryan, bai rage komai ba.

Auta ta dubi uwarta. Uwar ta dubi igiyar shanya.

"Baba," in ji Auta a hankali, "ni fa ban ci ba."

"Ba ki ci me ba?"

"Ƙwan. Tun da na samu cikin nan ko ƙarninsa na ji sai amai. Na ga yadda kake murna, na kasa faɗa maka."

"Ko guda ɗaya?" Dakta ta tambaya.

"Rabi, ranar farko. Shi ma bai zauna ba."

Don-me ya zauna a ƙasa daɓas, a cikin rigarsa ta aiki, ya fara dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya yi ta godiya ga Allah, ya gode wa amai, abin da bai taɓa zaton zai gode wa ba. Sai da ya natsu halin nasa ya dawo.

"To ƙwai biyu kullum, mako shida. Ina suka tafi?"

Maman Auta ta saki zanen da ke hannunta. "A zubar da ƙwai, Malam? Ni ba na ci, ka sani. Fasawa nake yi a cikin abincin da kake tafiya da shi. Har cewa ka yi girkina ya ƙara daɗi." Ta rufe baki da hannu, ta fashe da kuka.

A asibiti aka ɗebi jinin su ukun. Dakta ta nemi a yanki gashi ma, ta bayyana masa cewa gashi yakan tsiro kamar faɗin ɗan yatsa a wata, kuma duk abin da ke jini a lokacin yana shiga ciki ya zauna, saboda haka silin gashi ɗaya yana riƙe da labarin watanni. Aka yanki na Auta daga ƙeya. Da aka zo kan Don-me, nas ta dubi sanƙon nan mai sheƙi ta rasa inda za ta yanka.

"Ga littafina nan," ya ce, ya miƙa mata gemu.

Kajin tara, da ƙasar akurkin, da bokitan, da tsintsiyar, duk suka shiga duro tare da buhunan. Bayan kwana goma sakamako ya fito. Na Auta da na uwarta babu abin damuwa. Nasa ya haura, ba can ƙololuwa ba, amma ya wuce inda likita zai ce a je gida a manta. Aka ba shi magani, aka ce jiki yakan fitar da rabin abin a cikin kusan wata biyu, kuma sai an jira kafin a san ko ya tsira ƙalau. Likitan ya koya masa abin da zai riƙa yi kowace safiya: ya taɓa hanci da yatsa ido a rufe, ya bi layi ɗaya ƙafa gaban ƙafa, ya zura zare a allura.

Haka ya riƙa yi a tsakar gida, Maman Auta tana leƙensa ta taga tana yi kamar wanke-wanke take. Ya buɗe sabon shafi a littafin, wannan karon bai ƙayyade kwana bakwai ba.

Wata safiya, cikin Auta ya kai wata bakwai, ta fito ta same shi da allura a hannu, ya ɗaga ta saitin haske. Zaren ya kuskure. Ya lashi bakinsa ya sake kaiwa, ya sake kuskurewa. Ko tsufa ne, ko rawar sanyin safiya, ko abin ne ya iso, babu mai iya cewa.

"Baba, kawo in zura maka."

"A'a, bar ni. In kin zura, me zan rubuta?"

Ta zauna kusa da shi, sai ta kama hannunsa na hagu ta ɗora a cikinta. "Ji, yana motsi."

Ƙaramar ƙafa ta harbi tafinsa, sau ɗaya, sau biyu. Don-me ya rufe ido, yana lura da kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji shi," ya ce. "Da yatsu biyar ɗin duka na ji shi."

Ya ajiye allurar, ya ɗauki biro ya rubuta hakan.