Jemagun Dakta Garuba

Ana cikin wanke gawar Dakta Garuba sai ga Usaini ya shigo lungunmu da injin yankan itace a kafaɗa. Usaini ɗan mai gidan da nake haya ne. Ko gaisuwa bai yi wa masu kuka ba, ya je ya tsaya gindin maɗacin da ke ƙofar gidan mamacin yana ɗaga kai sama.

Ni Zuera ba zan yi ƙarya don mutum ya mutu ba, ban taɓa ƙaunar Dakta ba. Shinkafa da wake nake sayarwa a gindin bishiyar nan tun ina da ƙarfina, kuma jemagu sun cika ta maƙil. Su yini suna tsuwa, kashinsu kuwa bai san tukunya ba, bai san kallabi ba. Duk unguwarmu ta Nima an san wanda ya hana a sare ta. Dakta ne, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kama jemagu da raga, yana ɗaura musu wata 'yar na'ura don ya ga inda suke zuwa. Wai bincikensa ya nuna suna tafiya nesa suna zubar da ƙwallon 'ya'yan itace, daji yana sake tsirowa. Turawa suka zo da kyamara, rediyo ta yi ta kiran sunansa, hukuma ta kafa allo cewa kada kowa ya taɓa bishiyar. Daji ya samu itatuwa, mu kuma muka samu kashi a kan abinci.

Da ciwo ya kwantar da shi na kai masa koko, don maƙwabci ya wuce wasa. Na tarar ya sa an jawo gadonsa jikin taga.

"Zuera, Usaini yana jin maganarki," ya ce. "In na tafi, ki ce ya ƙyale bishiyar."

"Ba zan ce ba. Kana kwance haka kana zancen jemage? Ka yi salati."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sha kokon, bai sake roƙona ba.

A Zango, in mutum ya rasu, a ƙofar gidansa ake kafa rumfa a jera kujeru, jama'a su zauna addu'a. Gidan da kujerunsa suka yini babu kowa ya sha kunyar da ba ta wankuwa. Lungunmu kuwa ba shi da fili sai gindin maɗacin. Usaini ya san haka, shi ya sa ya aika a kira Hamdia, 'yar Dakta ɗaya tilo. Ta fito idanunta jajir.

"Hamdia, ka yi haƙuri, amma rumfar kanofi ba za ta shiga ba," in ji shi. "Wa zai zauna nan jemage na zuba masa kashi a hula? Dattawa sun ce su kuraa, ko kusa ba su zuwa."

"Babana ya hana. Ga allo nan."

"Babanka ya tafi. Reshe ɗaya ne kawai, wallahi."

Ta juyo wajena. "Mma Zuera, ka faɗa mini gaskiya. Ba za su zo ba?"

"Ba za su zo ba," na ce. "Ubanki ya fifita jemage a kan mutane. Ki bar bishiyar, jemagun su sauko su yi masa addu'a."

Ta daɗe tana kallon tagar ɗakinsa, sannan ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Aka ɗauki gawa, maza suka bi ta maƙabarta, ban da Usaini. Makara na shan kwana ya tada inji. Reshe ɗayan nan ya zama biyu, ya zama duka. Jemagu suka tashi da rana tsaka har lungu ya yi duhu, mata suna rufe kai suna guɗa. Ni ma na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Kafin la'asar rumfa ta tsaya, kujeru sun cika, har da mutanen jami'a cikin manyan motoci. Wani farfesa ya miƙe yana yabon aikin marigayi, ya waiga zai nuna bishiyar, hannunsa ya tsaya a sama.

Hamdia ba ta zauna cikin mata ba. Ashe lokacin haihuwar jemagu ne, kuma 'ya'yan da ba su iya tashi ba sun zube cikin rassan da aka jibge bakin kwata. Tana ta ɗaga ganye tana tsince su a mayafinta. Ta zo teburina ta ɗauki kwanon da nake ɗauraye cokula ta zuba madara a ciki, ba ta tambaye ni ba, ni ma ban hana ta ba.

Ta zauna a kan kututturen, ta ba masu addu'a baya. Ana ta amin, ita kuwa tana tsoma ɗan yatsa cikin madara tana kai wa wani ƙaramin baki.