Gurbin Hannun Yaya

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya dubi sikeli, ya dubi Yaya, ya ce in muka dawo nan da sati shida nauyinta bai ƙaru ba, za a zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Yaya ta kawar da kai.

Yaya ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye take zaune a wurina. Ba wai ta kasa haɗiya ba ne. Taurin kai ne kawai! Matar da ta ciyar da mu mu biyar ba za ta buɗe baki a sa mata cokali ba. In na matso da shi sai ta datse haƙora. Abu ɗaya take marmari, taliya da romo. Shi ma in na ajiye mata ta ci da hagu, kwanon ya yi ta gudu a kan tire, taliyar ta sulɓe daga cokali mai yatsu ta faɗo mata a cinya. Loma biyu sai ta ture.

"Na ƙoshi, Auta."

"Kin ƙoshi da me, Yaya? Da iska?"

Abin haushin, gina kwano sana'ata ce. Shekara ashirin ina yi wa masu gidan abinci kwanukan tangaran, falan-falan, masu buɗaɗɗen baki, ana ta yaba ni. Ga su nan cike da kantar ɗakin aikina, ko ɗaya bai amfani 'yar'uwata ba.

Na zauna na lura da yadda take fama. Kwanon yana son gindi mai nauyi. Yana son zurfi don kada romo ya huce. Leɓensa kuma ya lanƙwaso ciki, yadda in ta turo taliya za ta tokare ta hau cokali. Sannan hannun damanta, da yatsunsa suka dunƙule, ai zai iya tare kwanon in ya sami wurin zama.

Na gina shi, na kai mata shi ɗanye har gado. Na kama hannun na danna a gefen yumɓun, ya bar gurbi daidai wa daida.

"Wasan ƙasa kika dawo da ni?" in ji ta, maganar na fita ta gefen baki.

Sati biyu ya ci: shanya, gashin farko, shafen ƙyalli, gashi na biyu. Na zuba taliya, na ɗora hannunta a gurbin. Ya ƙi shiga. Ta matsa, kwanon ya goce, romo ya wanke mata zane.

Kai! Ni da nake koya wa mutane cewa yumɓu na tsukewa in ya bushe ya sha wuta, ni ce na manta. Kashi ɗaya cikin goma yake raguwa, ko makaho a sana'ar nan ya sani. Ɗoki ne ya rufe min ido. Yaya ta shiga goge zanenta da hagu, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na shiga ɗakin aiki na yi kukana na more.

Washegari na dawo da sabon ɗanyen kwano da safar ƙafa mai kauri. Na zura mata a hannu, na ninka, don gurbin ya fi hannun girma.

"Yau kuma safar ƙafa a hannu? Auta, ni ke ciwo ko ke?"

"Miƙo dai, Yaya, kada ya bushe."

Yumɓu ba ya son gaggawa, in ka matsa masa ya tsage. Kullum da safe sai na kanga shi a kumatuna in ji ko da sauran sanyin danshi, kwanaki kuwa suna ta tafiya. Ran da na buɗe tanderu karo na biyu, saura kwana goma sha uku mu koma asibiti. Na ƙwanƙwasa shi da farce, ya amsa ƙal, babu tsaga.

Na ajiye mata na fice, don ba zan iya kallo ba. Na tsaya a kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ina jin cokali na karo da leɓen kwano. Shiru. Ya sake. Sai na ji kurɓar romo, irin mai ƙarar nan da take hana mu muna yara.

"Auta!"

Na zo da tsumma a hannu, na ɗauka ɓari ne. Hannun yana zaune cikin gurbinsa, kwanon kuma wayam.

"Tsumman me? Ƙaro min. Ki sa ƙwai."

Ranar asibiti na kasa duban sikeli, fuskar likita na zuba wa ido. Ya rubuta wani abu, ya rufe fayil.

"Ƙarin ba yawa, amma ƙari ne. A bar maganar roba. Mama, wa ke ba ki abinci haka?"

Yaya ta gyara zama a keken marasa lafiya, ta ɗaga hannun hagu.

"Da kaina nake ci, likita. Da kaina."

Alhamdulillahi. Ina turo ta muka fito baranda, sai na tsaya na zauna a benci tukuna.