Wadda Aka Ɗauka Ba Ita Ba Ce

Tagwayena mata ne, kuma tun suna rarrafe muka raba musu aiki ba mu sani ba. Ɗaya ita ce baki, muna ce mata Aku. Ɗayar kuwa Shiru, wadda ta kwance mana rediyo da fanka da agogon bango, ta mayar da biyu daga ciki. Ko ruwa Shiru take so, Aku ce za ta ce, "Mama, tana jin ƙishi."

Da makarantar kimiyya ta buɗe ɗaukar ɗalibai, Shiru muka nufa. Amma a gidanmu ba a raba tagwaye, ko takalmi iri ɗaya ake saya musu. Babansu ya ce a kai su duka, Aku ta yi rakiya.

Jarrabawar rubutu duk suka haye. Ranar ganawa da malamai kuwa, ashe ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Aku ta daɗe a ciki, har ina jiyo dariyar malaman. Shiru ta shiga, kafin in gyara zama ta fito tana kallon ƙasa.

Sakamako ya fito: an ɗauki Aku, an bar Shiru.

Kaina ya ɗaure. Babansu ya ce ai arziki ne, a karɓa. Yayata ta ce mu yi musanya kawai, wa zai gane? Ni kaina da safe sai sun yi magana nake bambanta su. Na kasa murna, na kasa kuka. Aku ko ƙwan fitila ba ta iya canzawa.

Na kwashe su sai ofishin shugabar makarantar. Ban gama gaisuwa ba Aku ta karɓe zancen.

"Malama, duk abin da na faɗa ranar nan nata ne. Fankar ita ta gyara. Ni kallo nake yi, in ba da labari."

Shugabar ta cire tabarau, ta dubi Shiru. "Ke me kike so?"

Na juya wajen Aku, don nan amsa take fitowa kullum. Sai na ga ta sa hannu ta toshe bakinta. Na buɗe nawa zan cike gurbin, Aku ta galla mini harara, na haɗiye.

Shiru ta ɗago kai.

"Ina so in shiga makarantar," in ji ta. Muryar ma baƙuwa ce a kunnena. "Amma ni kaɗai."

Maganar ta soke ni. Shugabar ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za su sake ganawa da ita yanzu. Mu kuma mu jira a waje.

Muka zauna a benci, ƙofa a rufe. Can na fara jiyo Shiru tana bayani, tana tsayawa, tana ci gaba. Aku tana wasa da bakin mayafinta.

"Mama," ta ce, "to ni wace makaranta ce tawa?"

Yarinyar da ta cika mini gida da surutu tun tana ƙarama, ban taɓa tambayarta abin da ita take so ba.