Warwaron Bokitin Gauta

Duk wanda ya san Inna Balaraba ta Doguwa ya san gautarta, fara mai ɗan ɗaci, wadda uwarta ta taho da irinta daga ruga. To bana abin da ya rage a ƙullin tsumma bai cika cokali ba. In wannan ya tafi, shi ke nan, iri ya ƙare.

Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa gona, ɗanta Mujitaba kuma ya malale tsakar gida da siminti, wai ci gaba. Sai ta shuka a tsofaffin bokitan fenti. Damina ta zauna, tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai ga dodon koɗi, irin tsiraran nan marasa ƙoƙo a baya. Kullum da safe ganye ya koma rariya, yauƙi na ƙyalli a jikin bokiti. Ta barbaɗa toka, ruwa ya wanke. Ta zuba gishiri, ya ƙone mata bokiti guda. Ta yi ta tsince su da tsinke har bayanta ya ƙi miƙewa.

Mujitaba mai gyaran injin ban ruwa ne. Ya ciro wayar jan ƙarfe daga wani ƙonannen inji ya kawo mata.

"Inna, a naɗe bakin kowane bokiti da wannan. Ba sa son taka jan ƙarfe, juyawa suke."

"Kai da ka binne mini ƙasa, yau kai ne sarkin noma?"

Amma ta karɓa. Ta dirje wayar da tsamiya har ta yi jawur, ta naɗe bokitan ɗaya bayan ɗaya tana nishi. Maƙwabciyarta Zuwaira, wadda ba ta ganin katanga ba ta leƙa ba, ta leƙo.

"Yaya Balaraba, aure za ki yi wa bokitan? Na ga an sa warwaro, saura lalle."

"Saura in naɗa wa bakinki, ko ya daina shiga gidan mutane."

Maganar Allah, wayar ta yi aiki. Da idonta ta ga wani ƙato ya hawo, ya taɓa, ya janye 'yan ƙahonsa ya koma. Sai dai ganye bai daina hujewa ba. Tsiro ya yi ta faɗuwa har saura biyu.

Ran nan haushi ya ci ta, ta kifar da wani bokitin da tsironsa ya mutu. Ga su nan cikin ƙasar, manya da ƙanana, ga ƙwai fari tas kamar 'yan duwatsun wuya. Baƙar ƙasar bakin rafi ce, ita ta sa aka ɗebo mata, don uwarta ta ce ita gauta ke so. Ashe ba hana su shiga ta yi ba, ciki ta kulle su da abincinsu.

Ba ta ko yi salati da ƙarfi ba, gajiya ta hana. Ta ɗora kaskon suyar gyaɗa, ta zuba ƙasar tana juyawa don zafi ya kashe su da ƙwansu. Hayaƙi ya kawo Zuwaira, wannan karon ta ƙofa.

"Ikon Allah! Yau ƙasa za a ci a gidan?"

"Karɓi ludayin nan, hannuna ya mutu."

Da ƙasar ta huce suka wanke saiwar tsiron biyu, suka dasa. Balaraba ta dubi bokitan, ta dubi gwiwarta.

"Ɗauki ɗaya ki kai gidanki. Ba zan iya gadin biyu ba."

Nata bai tashi ba, ya lanƙwashe ya bushe. Na Zuwaira kuwa ya miƙe har ya yi fure. Yanzu kullum da hantsi za ka ga Inna Balaraba tana jan ƙafa zuwa gidan Zuwaira, ta zauna gefen bokiti tana ɗaga ganye, a juye mata labarin unguwa kaf, ita ko babu halin ta ce ya isa.