Jan Ƙyallen Burulkan

Ranar Asabar da hantsi 'yan Ƙungiyar Abokan Marmaro suka hau dutse su tara, kowa da almakashi da buhu. Shekara shida ke nan suna kula da wurin, ba wanda ya sa su: su kwashe kwalabe, su gyara shinge saboda tumaki. Amma aikin yau daban ne. Tsohuwar bishiyar bakin marmaron, irin ta kan duwatsu da suke kira arca, tana mutuwa, kuma ƙyallayen da mutane ke ɗaura mata don neman biyan buƙata su ne ke kashe ta. Na zamanin da na auduga ne, ruwa da ƙanƙara ke cinye shi. Na yanzu kuwa nailan ne, ɗan banza, ba ya ruɓewa, sai ya shaƙe reshe har ya bushe.

Burulkan tana cikin su taran. Shekara talatin da suka wuce, bayan ta binne 'ya'ya uku, ta yagi gefen jan ɗankwalinta na nailan ta ɗaura a nan, ta roƙi Allah ɗa mai zama. Ta haifi Jipar. Yau kuma tun asuba Jipar ɗin tana asibiti a birni, a kan gwiwa.

"Agai," ta ce wa Sabirbek, tsohon malamin makaranta da ke shugabantarsu, wanda kowa ke kira Agai, wato malam, "ba a kwance ƙullin wani. Ka sani, na sani."

"Haba Eje, babbar yaya, da girmanki! Allah kika roƙa ko tsumma?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta ji haushinsa.

Aka fara yanka. Ƙas, ƙas, ƙas. Kalica maƙwabciyarta, wadda bakinta ba ya hutawa ko a gidan makoki, ta yi tsit. Tsuntsaye ma suka yi tsit. Babu iska ko kaɗan, amma ƙyallayen da ba a kai gare su ba sai kaɗawa suke yi, duk gefe guda, suna kauce wa almakashi. Ruwan marmaron da ake jin ƙararsa tun daga hanya ya koma kamar ana tsiyaya shayi a kofi. Kowa ya lura, amma aka ci gaba da yanka.

Burulkan ba ta sha wahalar gano nata ba. Reshen da ta sani kamar yatsa ya zama kamar cinya, ƙyallen ya nutse cikin ɓawo, daga nan zuwa ƙarshe duk ya bushe. Wasu sun koɗe, shi kuwa jawur kamar jiya ta yage shi. Ta taɓa shi, ta ji ɗumi, ta janye hannu.

"Wannan dai ka bar min shi, Agai. Har yarinyar ta sauka. Gobe ni da hannuna zan yanke."

Ya dube ta, ya ɗauke kai. "To, gobe. Amma kar ki gaya wa kowa, yanzu kowa zai tuna da nasa."

Ba ta gaya wa kowa ba kuwa.

Wayarta ta yi ƙara. A gindin bishiyar waya ba ta kamawa sosai, sai ta haye wani dutse, taku ashirin. Surukinta Ermek ne, mijin Jipar, mai kiranta Apa, wato inna, yana dariya yana haki.

"Apa, mace ce! Ta sauka lafiya, sai ki ji kukan yarinyar!"

"Alhamdu lillahi! Jipar fa?"

"Ga ta can, har tana neman shayi."

A bayanta ta ji: ƙas.

"Dakata," in ji Ermek. "Apa, dakata. Me ya sa suke gudu? Jini ne. Sun fitar da ni, sun rufe ƙofa. Apa, ki yi addu'a!"

Ta juya. Kalica ce tsaye da jan ƙyalle a hannu, tana goge gumi. "Wannan ya ba ni wuya, wallahi, sai da na haƙa da bakin almakashi."

Burulkan ba ta san yadda ta sauko ba. Ta fizge ƙyallen, ta zagaya shi a reshen, cikin ramin da ya bari, ta ja. Bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Ta ja har farcenta ya karye, saura yatsa biyu.

Sabirbek ya yar da almakashinsa ya zo. Bai ce mata tsumma ne ba.

"Riƙe min nan, Agai," ta ce tana kuka. "Riƙe da ƙarfi, kar ka saki."

Ya riƙe baki ɗaya, ta riƙe ɗaya, suna ja. Wayar tana can kan dutse inda ta yar da ita, ta sake fara ƙara, kuma babu mai hannun ɗauka a cikin su biyun.