Zanin Gadon Ilenia

Ranar da Tiziana, matar ɗana, ta shigo da abin nan cikin kwali, na ɗauka gadon jariri ne. Ashe wani ƙarfe ne mai ƙafafu kamar na zalɓe, da waya a gindinsa.

"Mashanya ce, Mama," in ji ta. "Ana jona ta a wuta, sandunan su yi ɗumi, kaya su bushe a cikin ɗaki."

"A cikin ɗaki? Mu da muke da igiya?"

Igiyar nan kuwa tun daga barandata take har barandar maƙwabciyata Donna Nunziata a ɗaya ɓangaren lungun, ni in ja ta nan, ita ta ja ta can. Mijina ne ya ɗaura ta kafin ya rasu. A lungunmu na Napoli ba a tambayar mutum labarin gidansa, ɗaga kai kawai ake yi. In an ga baƙaƙen kaya an san an yi rashi, in an ga kayan aikin namiji sun daina fitowa an san an sallame shi. In kuwa aka ga 'yan ƙananan riguna suna lilo, to mai wucewa a babur ma sai ya danna oda. Nunziata ta shanya na jikokinta har na daina ƙirgawa, kuma duk lokacin sai ta kira ni in taya ta jan igiya, wai hannunta na ciwo. Ƙarya take, so take in gani.

Ni kuwa ɗana Aniello da Tiziana sun daɗe da aure Allah bai ba su ba. Sun sha asibiti har suka gaji. Daga baya suka nemi riƙo ta hanyar kotu, aka yi ta kai su ana kawo su, sai kwatsam a farkon hunturun nan aka ce ga wata yarinya 'yar shekara shida a gidan marayu, sunanta Ilenia. Za ta zo ta zauna da mu na ɗan lokaci, sannan alƙali ya tambaye ta da bakinta ko tana so ta zauna. An taɓa kai ta wani gida, aka dawo da ita. Jami'ar da ke kula da ita ta ce mana tun daga lokacin ba ta cika magana ba, kuma in ta ce a'a, shi ke nan.

Da na ji labarin ban iya zama ba. Na tafi kasuwa na kwaso riguna, da safa, da 'yan wanduna masu hoton agwagwa, da zanin gado ruwan ɗorawa. Na wanke su tas, na ɗauki baho na nufi baranda, sai Tiziana ta tare ƙofa.

"Mama, don Allah, ba yanzu ba."

"Me ya sa? Sata muka yi?"

"In ba ta zauna ba fa? Da wane ido zan bi lungun nan?"

Ta faɗi haka idonta cike da hawaye, sai na ajiye bahon. Shi ya sa ta sayo ƙarfen. Muka yi yarjejeniya: ranar da yarinyar ta kwana a gidan, washegari da safe igiya tawa ce.

To, bari in faɗi gaskiya a kan ƙarfen nan, tunda mata suna ta tambayata. Inda kaya suka taɓa sanda suna bushewa, inda suka rataya a ƙasa kuwa suna nan da danshinsu kamar ba a yi komai ba. Sai ka yi ta juya su kamar mai gasa kifi. Tagogi su yi ta gumi. Na ce wa Aniello, "Matarka ta sayo mana baƙon da ke cin wuta ba ya aiki." Ya yi dariya, ya ɗauko babban mayafi ya lulluɓe ƙarfen gaba ɗaya, ya ce haka ake yi, ɗumin ya tsaya a ciki. Ya kuma buɗe taga kaɗan. Na yarda abin ya fi sauri haka, amma ban faɗa masa ba. Kayan da bai sha iska ba ai ba ya ƙamshin komai.

Nunziata kuwa ta sa ni gaba.

"Sisina! Lafiya gidanku kuwa? Igiya ta rame. Ko kun daina sa kaya ne?"

"Muna sawa, Donna Nunziata, ba ma dai ƙazantar da su kamar wasu."

"Na ga an shiga da kwali."

"Idonki dai Allah ya bar miki shi."

"Na ga kuma kin sayi wani abu ruwan ɗorawa a wajen mai yadi."

Wallahi maganar tana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi. Na rufe taga da sauri don kada ta kuɓuce mini.

Ranar Asabar suka je ɗauko ta. Tun da asuba na ɗora miyar nama da tumatir, na goge ƙasa, na sake gogewa, na canza riga, na koma ta farko. Da na ji motsinsu a matakala sai na buɗe ƙofa. Ga ta nan: 'yar siririya, gashi an daddatse shi, ta rungume jakar baya a ƙirji. Na shirya maganganu cike da baki, amma abin da ya fito shi ne, "Kina cin taliya?"

Ta gyaɗa kai. Ta ci kuwa, har ta suɗe farantin da burodi. Na ƙara mata, ta cinye. Tiziana tana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur wai in daina kallonta. Yaya zan daina? Duk yinin ba ta ce komai ba sai "na gode", jakar kuma ba ta ajiye ba ko da za ta shiga bayan gida. Da yamma na leƙa baranda na rage murya.

"Donna Nunziata, gobe da safe ki fito da kofinki. Ki zo da tabarau."

"Mene ne?"

"Ki dai fito."

Gari na wayewa na tashi. Aniello da Tiziana ba su farka ba. Na kwaso 'yan rigunan nan daga durowa, busassu fa, na sake tsoma su a ruwa don kawai in sami abin shanyawa. Ina 'yar waƙata, na cika aljihun gaba da maƙalan shanya, na ɗauki baho. Ina wucewa ta ƙofar ɗakinta sai na ji motsi.

Tana durƙushe a ƙasa, ta dunƙule zanin gadon tana cusa shi cikin jakar bayanta, ya ƙi shiga. Rigar barcinta jiƙe take har gwiwa. Da ta gan ni sai ta ƙame. Ta kalli bahon da ke hannuna, ta kalli maƙalan, ta kalli ƙofar baranda.

"Kada ki rataya a waje," ta ce. Muryar da ƙyar take fita.

"Me, 'yata?"

"A can gidan, matar tana ratayawa a taga. Ba ta wankewa. Ta ce kowa ya gani."

Ban san lokacin da na ajiye bahon ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, da matar nan tana kusa da na ci mutuncinta a gaban kowa. Amma yarinya na kallon fuskata, sai na haɗiye.

"Wannan? Fitsarin kwance? Babanki Aniello ya yi ta yi har ya shiga makaranta. Kada ki gaya masa na faɗa."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan baranda. Daidai lokacin kuma igiya ta yi ƙara, Nunziata ta fito tana jijjiga ta.

"Sisina! Ga ni, ga tabarau! Ina abin kallon?"

Ilenia ta maƙale a jikin gado. Na je na buɗe ƙofar baranda kaɗan, iya yadda kaina zai fita.

"Babu komai yau, Donna Nunziata. Hadari nake gani."

"Wane hadari? Sama fes take!"

"To gwiwata ce ta gaya mini. Sha kofinki."

Na rufe, na ja labule. Na yi wa yarinyar wanka da ruwan ɗumi, na sa mata busasshiyar riga. Muka wanke zanin tare a bahon wanka, ita tana murza gefe ɗaya ni ɗaya, na ce kada mu tayar da injin wanki ya tashi mutane. Na goge ledar katifa na juya ta. Sannan na jawo ƙarfen nan da na yi ta zagi zuwa tsakiyar ɗakinta, na jona shi, na shimfiɗa zanin a kan sandunan, na jera 'yan rigunan da wandunan agwagwa a ƙasa, na lulluɓe duka da babban mayafi.

"Kin gani? Ba mai gani. Ko ni sai na ɗaga."

Ta zagaya shi a hankali. Ta sa tafin hannu a kan mayafin ta ji ɗumi. Ta ɗaga gefe ta leƙa, sai ta rarrafa ta shige ciki ta zauna, ƙafafunta kawai a waje. Jakar tana can inda ta bar ta a bakin gado.

Na zauna a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara. Can na ji muryarta daga cikin mayafi.

"In na sake yi gobe fa?"

"Sai mu sake wankewa."



"In na yi ranar Kirsimeti fa?"

Kirsimeti da sauran wata guda da wani abu, zaman alƙali kuwa kafin nan ne. Na toshe bakina da hannu don kada ta ji ina kuka.

"Ko ranar Kirsimeti," na ce.

"To, Kaka, kada a mayar da wannan abin. A bar shi a ɗakina."